Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Takardun Ƙetare Iyaka da Babur

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Tawa, da shugabannin duwan da na 'yan sandan kan iyaka, da magabatan gundumomin Madawa, Buza da Keita.

Babur ne ƙafar mutanen Madawa da Buza da Keita. Babbar kwalta ta taso daga Yamai, ta bi ta Kwanni da Madawa ta nufi Maraɗi, wata hanyar kuma ta yi arewa daga Madawa ta ratsa Buza da Keita zuwa Tawa. Da an sauka daga waɗannan biyun sai burji da rairayi da duwatsun Adar, da koramun da ke raba gari da gari in damina ta kankama. A irin wannan ƙasa, mai doguwar ƙafa irin Yamaha DT da malaman gona da na asibiti suka saba hawa, da su Boxer da Kasea da Haojue na 'yan kabu-kabu, su ke kai mai naƙuda asibiti, su ke fito da buhun albasa bakin hanya. Ta wajen Bangi gundumar Madawa ta yi iyaka da ƙasar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, Gobirawa nan, Gobirawa can, aure da zumunci da kasuwa duk a cuɗe. Buza da Keita ba su kan iyaka, amma 'yan cin raninsu da dama Najeriya suke sauka, wasu kuma a kan babur suke komowa gida.

Ƙa'idar ƙetare iyaka da abin hawa da aka daɗe ana bi ta fito ne daga yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a da ƙasashen CEDEAO suka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979. Ta yarda abin hawan da ba na haya ba ya shiga wata ƙasa ya zauna har kwana 90, na haya mai ɗaukar fasinja kuma kwana 15, in dai an nuna takardu huɗu: ta izinin tuƙi, ta mallaka, ta inshorar da ƙasashen suka yarda da ita, da ta duwan. Da ganin tsarin an san mota aka yi wa shi, da babbar mashiga irin ta Kwanni da Illela. Mutumin Bangi da zai je gaisuwar mutuwa hayin iyaka ya dawo kafin magariba ba ya cikin lissafin.

Daga takardar duwan matsalar ke farawa. Babur ɗin da aka sayo a Sakkwato ko Illela kaya ne da aka shigo da shi ƙasa, sai an biya masa kuɗin fito kafin a yi masa takardar mallaka, wadda kowa ke kira kart giriz, a ba shi lamba. Da yawa ta hanyar daji suke shigowa, su yi ta sauya hannu ba su taɓa tsayawa gaban ofishi ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin cinikin babura ranar kasuwa ya san yadda ake yi. Mai saye zai durƙusa ya duba inji ko yana yoyon mai, ya murza totur ya saurari ƙara, ya zaga fili sau ɗaya, a yi ciniki gaban dillali da shaidu, a ce Allah ya sa albarka. Abin da za a miƙa masa rasit ne na dilan farko, an ninke shi cikin leda an cusa ƙarƙashin wurin zama, tawada ta koɗe, sunan da ke kai na wani ne da ya rabu da babur ɗin tun hannu uku baya. Lambar da aka buga a wuyan babur da wadda ke jikin inji, waɗanda su ne ainihin shaidarsa, ba kasafai ake goge musu ƙura a gwada su da ta rasit ba. A cikin gari wannan ciniki halal ne, kowa shaida ne. A shingen jandarma kuwa ba shi da madafa. In babu takardar duwan babu kart giriz, kamfanin inshora kuma kart giriz yake fara tambaya, sauran takardun duk sun faɗi ke nan.

Izinin tuƙi, wato permi, shi ma wajibi ne, ga shi yawancin matuƙa a hannun yayyensu suka koyi tuƙi, ba a makaranta ba.

Inshora ce takardar da aka fi rainawa, ita ce kuma ta fi amfani ranar tsautsayi. Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa tsarin inshora na CIMA a Yawunde a 1992, dokarsa kuma ta wajabta wa duk abin hawa mai inji inshorar ɓarnar da zai yi wa wani. Domin ƙetare iyaka aka ƙirƙiro katin nan mai ruwan ƙasa, kart burun, a Kwatano a 1982. Aikinsa shi ne in mutumin Tamaske ya buge wani a Illela, ofishin katin na Najeriya ya tsaya kan diyyar wanda aka buge, daga baya ya bi na Nijar bashi. A Najeriya tun farkon 2023 an haɗe katin cikin inshorar dole. Wanda ba shi da shi, in abin ya faru, a tsare shi a tsare babur, dangi a gida su sayar da rago da hatsin damina su je belinsa.

Sai takardar shiga ta ɗan lokaci, lesefase, wadda duwan ɗin ƙasar da aka shiga ke bayarwa don tabbatar da cewa babur ɗin zai fita, ba sayar da shi aka zo yi ba. Turawa masu yawon duniya a kan babur, magadan masu tseren Dakar da suka riƙa ratsa Agadas da Tawa a shekarun 1980, wani littafi suke riƙewa da ake buga wa hatimi a shiga da fita, bayan sun ajiye kuɗin jingina mai yawa a ƙasarsu. Wannan ba na talaka ba ne. Shi matuƙin kansa yana buƙatar katin ɗan ƙasa ko fasfo, da katin rigakafin shawara, wanda tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Wannan magana ta cancanci a liƙa ta a kowace mashiga, don kada a ce wa mutum katinsa ya tsufa.

Shekarun nan ƙasa ta motsa ƙarƙashin waɗannan takardu duka. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ba ta buɗe Illela ba sai Disamban 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. Ƙawancen ƙasashen uku, AES, ya riga ya sanar a Disamban 2024 cewa 'yan ƙasashen CEDEAO da ababen hawansu za su ci gaba da shigowa, CEDEAO ita ma ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin da ke ɗauke da tambarinta har sai an yi sabon tsari. Waɗannan sanarwowi ne na manya. Abin da ɗan kabu-kabun Sabon Gida ke ji jita-jita ce ta tasha, yau a ce kaza ta daina aiki, gobe a ce tana aiki. Inda mutum bai san haƙƙinsa ba, duk abin da aka ce ya biya sai ya biya.

Ba a musun dalilin tsananta bincike. 'Yan bindigar da suka addabi Sabon Birni da Isa a kan babura suke kai hari, su suka koro dubban mutane zuwa Bangi a ƙarshen 2021, a shekarar da Jihar Sakkwato ta taƙaita hawan babur da sayar da mai a jarka a wasu yankunanta. A arewacin jihar Tawa ma an sa Tasara da Tiliya ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017. Jami'in da ke tsaye a shinge da ransa yake aiki, yana da gaskiya in ya tsaya sai ya san babur na wane ne. Amma takarda ba ta raba mai gaskiya da ɓarawo sai in mai gaskiya yana iya samunta. Muddin manomi da ɓarawo duk hannu rabbana suke zuwa shinge, binciken wahala kawai yake ƙara wa manomi, ɓarawo kuwa dama ba ta shinge yake bi ba.

Saboda haka shawarar da ta fi kowacce nauyi ita ce a kai ofishi inda baburan suke. Ya dace duwan da ma'aikatar sufuri su keɓe wasu watanni na sassauci, bayan kaka lokacin da kuɗi ke hannun mutane, su riƙa kafa teburi a manyan kasuwanni irin Tunfafi da Sabon Gida da Karofan da Tamaske. A karanta lambar wuya da ta inji, mai gari ko shugaban 'yan kabu-kabu ya shaidi mai shi, a yanke kuɗi guda sananne gwargwadon girman inji, a ba da rasit nan take, kart giriz ta biyo baya ta ofishin perefe. Wakilin kamfanin inshora ya zauna a teburi na gaba. Wanda ya taso daga ƙauyen Garhanga zuwa birni don takarda ɗaya, ya kwana biyu ana ce masa ya dawo gobe, ya yi asarar da ta kusa kuɗin takardar, shi ya sa ba ya zuwa. Daga nan a ɗora wa dillalai nauyi: kowane ciniki ya kasance da takardar saye mai ɗauke da lambobin biyu, da hatimin ma'aikatar magajin gari. Baitulmali zai samu kuɗin da yanzu ba ya gani, wanda aka sace wa babur kuma zai samu abin nunawa.

Ya kamata kuma Mai Girma Gwamna ya sa a fitar da jeri ɗaya na takardun da ake nema, da kuɗin kowacce, da katin inshorar da ake karɓa a kowane ɓangare yanzu. A rubuta da Faransanci da Hausar boko da ajami, a liƙa a mashigai da tashoshi, gidajen rediyon karkara su riƙa karantawa daren kasuwa. Babur ɗin da aka kama a ba mai shi takarda mai nuna laifin, da inda aka kai shi, da abin da zai biya, maimakon a jibge su a fili rana da ruwa suna cinye su.

Saura mazauna bakin iyaka. Daga Madawa zuwa Kwanni kimanin kilomita 90 ne, ba mai hankalin da zai yi wannan zagaye don zuwa garin da yake hango bishiyoyinsa. Hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, ita ce wurin da ya dace gwamnatin jiha ta kai buƙatar katin makwabtaka, tare da takwarorinta na Sakkwato. Kati ne na shekara guda mai hoton matuƙi da lambobin babur da sunan garinsa, hakimi ya shaida, ya yi aiki a ƙayyadaddun garuruwa na ɓangarorin biyu daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Wanda zai zarce Sakkwato ko Kano shi ne zai bi ta Kwanni da cikakkun takardunsa.