Ƙarin lokaci ba sabon wasa ba ne

A duk lokacin hutun makaranta, filayen ƙwallo na Cadawa da Agye da Gazawa, har zuwa Gidan Runji, sukan cika da jama'a, unguwa da unguwa, gari da gari, ana neman kofi. Wasa yakan tafi lami lafiya. Gardama ba ta cika tashi ba sai an yi kunnen doki, an ce za a ƙara lokaci. Nan ne mai horad da ƴan wasa zai nemi canji, abokan karawa su ce damarsa ta wuce, alƙalin wasa ya tsaya da usur a hannu kowa na jan rigarsa.

Alhali kuwa doka ta yanke wannan magana. Hukumar IFAB, mai tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya, ta yarda a 2020, lokacin annobar korona, kowace ƙungiya ta canja ƴan wasa har 5, ta kuma tabbatad da haka a 2022. Sai dai ƙungiya ba ta tsaida wasa domin canji fiye da sau 3, ban da hutun rabin lokaci. Wadda ba ta ƙare canjinta ba tana shiga ƙarin minti 30 da abin da ya rage mata, kuma masu shirya gasa suna iya ƙara wa kowane ɓangare canji guda. Katin gargaɗi ma yana bin mai shi. Sai an zo bugun daga kai sai mai tsaron gida ake share shi.

A Amurka, a gasar NFL ta ƙwallon da ake ɗauka a hannu, ba haka abin yake ba. Can ƙungiya tana tsaida agogo sau 3 a kowane rabi, abin da ba ta yi amfani da shi ba ya ƙone, in an shiga ƙarin lokaci a yi sabon rabo. Tsarin ƙwallon ƙafa ya fi adalci, domin wanda ya yi tattali shi ke cin moriyar tattalinsa, kamar manomin da bai buɗe rumbu ba sai damina ta faɗi.

Laifin ba na matasa ba ne. Dokokin suna rubuce cikin harsunan da yawancin ƴan kallo ba su karantawa, kuma dokar da kanta masu shirya gasa ta ɗora wa alhakin faɗin yawan canjin da za a yi. Ya kamata tun kafin a take leda a tara kyaftin-kyaftin biyu gaban dattawan gari, a karanta musu da Hausa: canji nawa ne, kuma in an yi kunnen doki, ƙarin lokaci za a yi ko bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wasan da aka fara bayan la'asar a filin da ba fitila, magariba ba ta jiran minti 30. Hukumar FENIFOOT kuwa, fassara Doka ta 3 zuwa Hausa ba zai ci mata fiye da ƴan shafuka ba.