"Haka Allah Ya So" Ba Ta Wanke Mai Jirgi

Akwai wata magana da ta zama mana bargo a Gwadangaji, muna lulluɓe kowane sakaci da ita: "Haka Allah ya so." Yaro bai buɗe littafi ba har ranar WAEC, ya faɗi, haka Allah ya so. Matashi ya ɗora mutum uku a babur, ya kama hanyar Argungu da gudu ba hular kwano, haka Allah ya so. Wannan magana ta shiga har cikin zumuntar matasanmu, kuma mun ƙi ta.

Ku tuna 26 ga Mayu 2021. Jirgin ruwa ya taso daga jihar Neja zuwa Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, ɗauke da mutane fiye da 150, har da babura. Ya nutse a kogin Kwara, waɗanda suka tsira kaɗan ne. Mun yi kuka, kuma daidai ne mu ta'azantar da iyalai cewa ransu yana hannun Ubangiji. Amma akwai hannun da ya karɓi kuɗin mutum na ɗari bayan jirgi ya cika. Hannun ɗan Adam ne, kuma zai ba da lissafi.

Wani zai ce: Fasto, ashe kuna rage ikon Allah? Ko kusa. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Bulus yana cikin jirgi mai mutum 276. Tun suna Karita ya gargaɗe su kada su tashi, amma jarumin soja Yuliyas ya fi sauraron matuƙi da mai jirgin. Hadari ya kama su kwana 14. Mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba wanda zai mutu. Magana ta ƙare ke nan, Allah ya yanke.

To, me Bulus ya yi da wannan alkawari? Bai naɗe hannu ba. Da ya ga ma'aikatan jirgin suna sulale ƙaramin kwalekwale su gudu, sai ya gaya wa sojoji cewa in mutanen nan suka fita, sauran ba za su tsira ba. Mutumin da ya ji alkawarin da kunnensa shi ne ya kafa sharaɗin! Sojoji suka yanke igiya. Ya sa kowa ya ci abinci, suka zubar da alkama don jirgi ya yi sauƙi, masu iyo suka yi iyo, saura suka kama katako har gaɓar Malita. Allah da ya ƙaddara cetonsu ya ƙaddara har da igiyar, da gurasar, da katakon.

A makarantar tauhidi an sha gardama kan Kalbin da Arminiyus, gardamar da ta kai ga majalisar Dort a 1618. Ku yi ta, tana da amfani. Amma ba ɗaya cikinsu da ya koyar cewa mai laifi ya jingina laifinsa ga Allah. Wannan koyarwar Adamu ce, ranar da ya nuna matar da aka ba shi.

Abin da ya fi tsorata mu shi ne yadda maganar ta hau kan ceto. Muna jin matasa suna cewa, "In Allah ya zaɓe ni, zan tuba wata rana." Wa ya nuna maka littafin zaɓaɓɓu? Abin da aka nuna maka shi ne gicciye, da kira ka tuba yau. Kana zaune da yarinyar da ba ka aura ba, kana jiran wata iska daga sama ta raba ku, alhali ka san ƙofar ɗakin, kuma ƙafafunka lafiya suke.