Uwa da uba a ƙofar ɗakin jinya: bayani ma magani ne

A kowace babbar likita ta ƙasarmu akwai wani ɗaki a sashen yara inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya kai su gargara. A ciki ma'aikata suna kai da kawo dare da rana. A bakin ƙofa kuwa za ka tarar da uwa zaune bisa tabarma, ta zuba tagumi, uba yana tsaye da takardar magani a hannu, bai iya karanta ta ba. A kan waɗannan mutane biyu za mu yi magana yau.

Ɗakin nan ya fi cika daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da masassarar cizon sauro ke haɗuwa da tamowa, rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. A damanar 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta sanar cewa yara sama da 700 ne ke kwance a sashen yara na Magarya, kuma an yi wata guda ana rasa kimanin 10 a kowace rana. Kowane ɗayansu yana da uwa da ta baro sauran ɗiyanta a gida, da uba da ya baro gona.

Ra'ayinmu shi ne: yaro ba ya samun cikakkiyar jinya muddin iyayensa ba su fahimci abin da ake yi masa ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Uwa ta ga an zura wa ɗanta roba ta hanci, sai ta ɗauka ajali ne ya zo. Alhali robar nan ciki take zuwa, da ita ake ba yaro madara idan ya kasa haɗiya. Wata robar kuma iskar oksijan take kai masa don numfashinsa ya daidaita. Uba ya ji an ce ana son jini, sai tsoro ya kama shi, don ba a gaya masa cewa masassara ce ta cinye jinin ɗansa ba, kuma abin da za a ɗiba a jikinsa bai kai rabin lita ba, jiki yana mayar da shi. Daga nan ne shawarar dangi ke shigowa: a zare robar, a koma gida, a gwada na gargajiya. Yaron da aka fitar cikin dare a wannan hali, sau da yawa ba ya kai ƙauye da rai.

Wani zai ce ma'aikata ba su da lokaci. Gaskiya ne, a cikin damana ma'aikaci ɗaya yakan kula da gadaje masu yawa, kuma mun yaba da wahalarsu. Amma minti 3 na magana da safe ba su kai asarar jinyar kwana 3 da ta tashi a banza ba. Abin da iyaye ke so su ji kaɗan ne: mene ne ciwon, me ake yi masa, ya aka kwana. A faɗa musu da Hausa, ko Zabarmanci, ko Barbarci, ko Fulatanci, ko Buzanci, ba da Faransanci ba. Idan babu sauƙi a faɗi gaskiya cikin tausasawa, kada a bar su su gane ta daga fuskar mai shara.

Ita ma uwa tana da abin da za ta ba likita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ta san ranar da zafin jiki ya fara, sau nawa yaro ya suma, da irin jiƙon da aka ba shi a gida. Idan ana yi mata tsawa za ta ɓoye. Idan aka tambaye ta da mutunci, aka nuna mata wanke hannu da sabulu, aka bar ta kusa da gado, ta zama ido na biyu ga ma'aikaci.

Muna kira ga magabata. Tun 2006 gwamnati ta yanke cewa jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a likitocin gwamnati, kuma abin ya ceci rayuka. Sai dai idan magani ya yanke, uba ne ke sayar da akuya. A kula da wannan. A kuma ware wa iyaye rumfa, da ruwan sha, da makewayi, a sa mutum guda wanda aikinsa shi ne yi musu bayani a ƙayyadadden lokaci kowace rana.

Ku kuma da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi rana. Idan ɗan maƙwabci ya kwanta, ku raka shi. Ku karanta takarda, ku rubuta abin da lokotoro ya ce, ku tara samari masu lafiya su ba da jini. Mata su riƙe yaran da aka bari gida, maza su yi wa uban gayya a gona, don hankalinsa ya tsaya wuri ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga iyaye, kalma ɗaya: tambaya ba rashin kunya ba ce. Ku yi addu'a, ku yi haƙuri, amma ku tambaya, kuma kada ku ɗauki yaro sai likita ya sallame shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuri'a. Amin.