Me ya sa likitoci ke sa masu ciwon ƙoda tuƙa keke domin auna zuciyarsu?

A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurinsa na farko kan lafiyar ƙoda. A cikin shekarar kuma gwamnatin Najeriya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta.

Duk waɗannan matakai sun fi karkata ga ƙodar kanta. Amma abin da ya fi kashe masu ciwon ƙoda mai daɗewa shi ne ciwon zuciya da na jijiyoyin jini, kuma da yawansu na rasuwa tun kafin su kai matakin wanki. Shi ya sa tambayar yadda za a auna ƙarfin zuciyarsu ke ƙara ɗaukar hankalin likitoci.

Yadda ƙoda ke gajiyar da zuciya

Idan ƙoda ta yi rauni, ruwa da gishiri na taruwa a jiki, hawan jini ya ƙaru. Ƙoda ce kuma ke samar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, don haka ƙarancin jini ke biyo baya. Sinadaran kalsiyam da fosfet na lafewa a bangon jijiyoyi har su sandare.

Sakamakon haka zuciya na aiki fiye da kima, bangonta ya yi kauri, ta kasa sakin jiki ta cika da jini yadda ya kamata.

Matsalar ita ce hoton zuciya da ake ɗauka mutum yana kwance na iya nuna cewa tana tunkuɗa jini daidai, alhali ba ta da sauran ƙarfin da za ta ƙara idan jiki ya buƙata. Kamar mota ce da injinta ke ƙara lafiya lau a gareji, amma ta kasa hawa tudu.

Abin da gwajin motsa jiki ke nunawa

A wannan gwaji ana ɗora majinyaci kan keken motsa jiki ko injin tafiya, a sa masa abin rufe baki da hanci mai auna numfashi, a riƙa ƙara wahalar aikin sannu a hankali. Na'ura na lissafa iskar oksijin da jikinsa ke iya amfani da ita a ƙololuwar ƙoƙarinsa, da kuma lokacin da tsokoki suka fara rasa isasshiyar iskar.

Wani bincike da aka yi a asibitin jami'a na Coventry da ke Ingila, aka wallafa a 2014, ya bibiyi mutum 240 masu jiran dashen ƙoda. Ya gano cewa waɗanda tsokokinsu ke fara rasa oksijin da wuri sun fi shiga haɗarin mutuwa.

A 2020 wani nazarin ya nuna cewa shekara guda bayan dashe, ƙarfin amfani da oksijin ya inganta, duk da cewa hoton zuciya bai nuna wani babban sauyi a siffarta ba. Wato gwajin ya ga abin da hoton bai gani ba.

Iyakar gwajin

Sai dai gwajin na da nasa cikas. Masu wankin ƙoda da yawa ba sa iya kai bugun zuciyar da ake buƙata saboda kasalar ƙafafu ko magungunan da ke rage bugun. Kaurin bangon zuciya kuma na iya rikita layukan na'urar auna bugu.

Haka nan, gano toshewar jijiya ba ya nufin dole a yi aiki. Binciken ISCHEMIA-CKD na 2020 ya duba mutum 777 masu ciwon ƙoda mai tsanani waɗanda gwaji ya nuna jini ba ya isar zuciyarsu sosai. Waɗanda aka garzaya da su domin buɗe jijiya ko tiyata ba su fi waɗanda aka fara da magani tsira daga mutuwa ko bugun zuciya ba.

Saboda haka babban amfanin gwajin shi ne sanin wanda ke cikin haɗari, wanda zai jure wa dashe, da irin motsa jikin da ya dace da kowa.

Motsa jikin kansa magani ne

A birnin Leicester na Ingila, binciken CYCLE-HD na 2021 ya sa majinyata tuƙa keke na minti 30 a lokacin wanki, sau uku a mako tsawon wata shida. Kaurin zuciyarsu ya ragu idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba. Ƙa'idojin ƙungiyar KDIGO na 2024 sun ba da shawarar matsakaicin motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, ko gwargwadon abin da jikin mutum zai ɗauka.

Na'urar auna numfashin na da tsada kuma tana buƙatar ƙwararru. Amma akwai gwajin tafiyar minti shida, wanda ba ya buƙatar komai sai baranda mai tsawon mita 30 da agogo da ma'aikacin jinya mai lura. Idan nisan da majinyaci ke ci yana raguwa daga wata zuwa wata, alama ce ta a sake duba zuciyarsa.

Duk cibiyar wankin ƙoda na iya yin wannan ba tare da ƙarin kuɗi mai yawa ba. Ga majinyaci kuwa, kada ya fara motsa jiki mai ƙarfi sai da shawarar likita, kuma ya tsaya nan take idan ya ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi.