SHARHI: Keken naira miliyan 15 da yashin Afirka: A hannun wa ribar titaniyam ke tsayawa?

A ƙarshen Disamban 2024 kamfanin Base Titanium ya kammala haƙar ma'adini a Kwale da ke gaɓar tekun Kenya, bayan kimanin shekara 11 ana ɗibar yashin da ake samun titaniyam a cikinsa ana loda wa jiragen ruwa. Ma'adinin ya ƙare, aka shiga sallamar ma'aikata, kuma har aka rufe Kenya ba ta mallaki masana'antar da ke mayar da yashin nan ƙarfe ba. A daidai wannan lokaci, masu hannu da shuni a Amurka da Turai na zuba kuɗi su jira makonni ko watanni kafin a ƙera masu keken tsere na titaniyam, wanda farashinsa kan haura dala 10,000 idan an haɗa shi da kaya masu daraja.

A canjin naira 1,500 kan dala, kuɗin ya kai naira miliyan 15. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya shafe kusan shekara 18 bai taɓa ko kwabo ba kafin ya tara su. Abu ne mai sauƙi a kira wannan almubazzaranci a wuce. Sai dai duk wanda ya bi diddigin keken nan daga rami zuwa titi zai fahimci dalilin da ya sa ƙasashe masu ma'adini ke zama cikin talauci, da kuma tambayoyin da suka kamata a riƙa yi wa masu yi mana alƙawarin arziki daga ƙarƙashin ƙasa.

Abin da mai keken yake saya

Titaniyam bai kai kashi 60 cikin 100 na nauyin ƙarfen da muka sani ba, ga ƙwari, kuma ba ya tsatsa. Shi ya sa yawancin masu ƙera keken ba sa ma yi masa fenti. Firam ɗinsa, wato gangar jikin keken, kan yi nauyin kilo ɗaya da rabi ko ƙasa da haka. Gumi da ruwan sama ba sa cin sa, idan ya kuje kuma a goge shi ya koma kamar sabo. Mahayansa na yaba yadda yake shanye girgizar hanya a doguwar tafiya, ko da yake injiniyoyi na nuna cewa faɗin taya da yawan iskar da ke cikinta sun fi tasiri a kan hakan.

Ba shi ne keken da ya fi gudu ba. Luis Ocaña ɗan Sifaniya ya hau na titaniyam a wasu matakan hawan duwatsu lokacin da ya lashe gasar Tour de France a 1973, amma a yau ƙwararrun 'yan tsere sun koma kan kekunan zaren kabon, waɗanda suka fi sauƙin sarrafawa don su ratsa iska. Masu sayen na titaniyam galibi mutane ne da shekaru suka fara ja, masu neman keken da za a auna jikinsu a ƙera daidai da su, su hau shi shekara ashirin ko talatin. Kamfanoni irin su Moots a jihar Colorado da Litespeed a Tennessee sun gina sunansu a kan wannan alƙawari na keken da ba a sake shi.

Lissafin da ya kamata a yi

Ana samun titaniyam daga ma'adinai biyu, ilmenayit da rutil. Afirka na sahun gaba wajen fitar da su: Saliyo ta yi suna da rutil, ga Moma a Mozambik, Richards Bay a Afirka ta Kudu, sai Madagaska da Senegal. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake haƙowa yana tafiya ne wajen yin farar hodar da ake sa wa fenti da roba da takarda. Ɗan abin da ya rage shi ake mayarwa ƙarfe, kuma jiragen sama ke cinye kaso mai tsoka a ciki.

Tan guda na ilmenayit bai kai dala 400 a kasuwar duniya ba, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ne titaniyam. Ke nan kilo biyar na yashin ya ƙunshi titaniyam ɗin da ke cikin firam guda, kuɗinsa kuwa bai wuce dala biyu ba. Ko an ninka shi sau goma saboda abin da ke salwanta wajen sarrafawa, bai wuce dala 20 ba. Firam ɗin kuma, shi kaɗai ba taya ba sarƙa, ana sayar da shi dala dubu huɗu zuwa shida a wajen manyan maƙera. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bambancin da ke tsakanin dala 20 da dala 5,000 ladan aiki ne da wuta da ilmi. Hanyar da ake bi har yau ita ce wadda William Kroll ɗan Luxembourg ya samar wajajen 1940. Ana haɗa ma'adinin da iskar kulorin a zafin da ya kai kusan digiri 1,000, sannan a tace shi da narkakken magniziyam a cikin rufaffiyar tukunya na tsawon kwanaki, ya fito kamar soso. Sai a narkar da soson inda babu iska, a gauraya shi da alminiyam kashi uku da banadiyam kashi biyu da rabi, a ja shi ya zama bututu. Irin bututun da aka fara yi wa jiragen sama ne maƙeran keke suka ara. Waldarsa ma sai gwani, domin idan iska ta taɓa titaniyam yana da zafi sai ya yi gautsi, don haka dole a lulluɓe wurin waldar da iskar agon ciki da waje.

Ƙasashe ƙalilan ne ke yin soson nan. Chana kaɗai na samar da fiye da rabinsa, sai Japan da Rasha da Kazakistan. Amurka ta rufe babbar masana'antarta ta ƙarshe a Henderson da ke Nevada a 2020, kuma bayan Rasha ta afka wa Yukiren a 2022 kamfanin Boeing ya daina sayen titaniyam daga Rasha. Saudiyya, wadda ba ta yi suna da ma'adinin ba, ta haɗa gwiwa da kamfanin Toho Titanium na Japan ta buɗe masana'anta a Yanbu a 2019, saboda tana da makamashi mai araha. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a wannan jeri.

Inda Najeriya ta tsaya

Akwai ilmenayit a tsaunukan Jos, har a cikin tarin yashin da aka bari bayan haƙar kuza. Ministan Ma'adinai Dele Alake ya sha nanata cewa ba za a ba kamfani lasisin haƙa ba sai ya nuna tsarin sarrafa abin da ya haƙo a cikin gida. Manufar daidai ce. Abin da ke gabanta shi ne cewa narkar da ma'adini aikin lantarki ne, ƙasar da ke raba wa mutum sama da miliyan 200 megawat dubu huɗu zuwa biyar kuwa ba ta da rarar da za ta ba tukunyar da ba a kashe ta dare da rana. Ajaokuta da aka fara tun 1979 da masana'antar alminiyam ta Ikot Abasi sun isa shaida.

Akwai matakin da ya fi kusa da hannu. Kamfanin Giant na Taiwan, wanda aka kafa a 1972, ya fara ne da ƙera wa kamfanin Schwinn na Amurka kekuna, har ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. Kano ta taɓa hawa wannan mataki lokacin da Raleigh ke harhaɗa kekuna a birnin. Yau kasuwannin keke sun cika da na Chana da Indiya da na gwanjo, a daidai lokacin da cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya mayar da ɗimbin ma'aikata da ɗalibai kan keke.

Ko an saya, ina za a hau?

Keken tsere na tafiya ne a kan tayar da faɗinta bai wuce milimita 25 zuwa 32 ba, don haka daɗinsa na rataye a kan lafiyayyar kwalta da direbobin da ke ganin mai keke da mutunci. A 2001 mota ta ture Ministan Sufuri Ojo Maduekwe cikin kwata a Abuja yana tsaka da tallata hawan keke. Shekara 23 bayan haka, Ese Ukpeseraye, 'yar tseren keke ta farko da ta wakilci Najeriya a gasar Olamfik, sai da tawagar Jamus ta ara mata keke a Paris kafin ta shiga tseren cikin fili. Ruwanda kuwa, wadda ke rufe wa motoci wasu titunan Kigali sau biyu a wata, ta karɓi baƙuncin gasar tseren keke ta duniya a Satumban 2025, karon farko a Afirka.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, za a sake jin 'yan takara na lissafa ma'adinan da Allah Ya binne a jihohinsu. Tambayar da ta dace matasa su yi masu ita ce a wane mataki ma'adinin zai bar ƙasar, wace tashar wuta ce za ta ciyar da masana'antar, masu walda nawa za a horar kuma a wace makaranta, sannan me yarjejeniyar ta tanadar wa mutanen garin ranar da ramin ya ƙare kamar na Kwale.