Wasiƙa Zuwa Ga Masu Lambun Furanni: Ku Ba Rumana Wuri

'Yan'uwa masu sana'ar dashe da furanni na Jos, Kaduna da Abuja,

Maganata a kan rumana ce, furen dajinmu da aka bari a gefen hanya, alhali jikokinta na ƙasar waje ake saye da tsada. Masana tsirrai na ce mata Gladiolus dalenii, kuma dangin furen iris ce. Tana tsirowa a filayen ciyawa da gindin duwatsu, tun daga Afirka ta Yamma zuwa Habasha, har Afirka ta Kudu. Da ita aka yi barbarar irin da Louis van Houtte ya fitar a garin Ghent na Beljiyam a 1841, wanda ke cikin kakannin manyan gladiolus na kasuwar yau.

Ku duba ta da damina. Ganyenta tsaye kamar takobi, karanta ya kai mita guda, furanni jajaye masu ruwan lemo jere a jikinsa, cikinsu rawaya, kowanne ya sunkuyar da kai.

Ta dace da lambu ƙwarai, amma da sharaɗi. Ku binne albasarta zurfin santimita 10 a farkon damina, inda rana ke bugawa sosai, a ƙasa mai yashi da ba ta riƙe ruwa. Idan ganye ya bushe da kaka, kada ku ɗauka ta mutu. Hutu ta shiga. Ku ɗauke mata ban ruwa har damina ta dawo. Wanda ya dasa ta cikin ciyawar ado da ake shayarwa kullum, ruɓewa albasar za ta yi.

Roƙona mafi girma shi ne ku daina tono ta daga daji. Masu maganin gargajiya na haƙar ta, noma da kiwo na cinye filayenta. Ku jira kwanson irinta ya bushe ku ɗebi iri, ko ku raba ƙananan 'ya'yan da ke manne da uwar albasa a lambunku. Za su yi shekara biyu zuwa uku kafin su yi fure, amma abin da kuka raina da hannunku ba ya ƙarewa.

In kun sayar, ku gaya wa mai saye lokacin hutunta, ku kuma ja kunnensa cewa albasarta ba ta ci ba ce, a kiyaye yara.

Allah ya sa albarka a sana'arku.

Naku,
Mai ƙaunar furen gida