Yarinyar da ke ɗauko ruwa, me ya hana ta karanci ruwa?

A farkon wannan shekarar karatu na tambayi ɗaliban ajina na shekarar ƙarshe ta kolej, a nan Yamai, abin da kowa yake son zama. Na ji likita, na ji jami'in duwan, na ji alƙali, na ji soja, har da mai son tafiya Turai ko ta halin ƙaƙa. Ban ji ko ɗaya ya ambaci aikin ruwa ba. Alhali da yawansu sai sun cika jarkoki a famfon unguwa kafin su zo lakwal, wasu kuma gidajensu sun taɓa rushewa da ambaliya.

Laifin ba na yaran ba ne. Namu ne, mu malamai da iyaye, kuma da mu nake yau.

Ku dubi garin da muke zaune. A ƙetaren kogi akwai Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake koyar da ilimin ƙasa da ruwan da ke ƙarƙashinta. Kusa da ita akwai cibiyar AGRHYMET ta ƙungiyar CILSS, wadda aka kafa a 1974, ɗalibai na zuwa daga ƙasashen Sahel su koyi auna koguna da hasashen damina. Akwai makarantar EMIG. Hukumar ABN, wadda ke kula da Kogin Isa a madadin ƙasashe 9, a nan hedkwatarta take. Ɗan Cadi da ɗan Mali sun san hanyar waɗannan wurare, amma ɗan Kirkisoy da ke wuce su kullum bai san me ake yi ciki ba, domin babu wanda ya taɓa gaya masa.

Buƙata kuwa ba ta ɓoyu ba. A Satumban 2020 kogin ya kai kusan mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa shingaye, ya shiga Lamorde da wasu unguwanni. A 2024 ambaliya ta sa aka ɗage komawa makaranta har zuwa 28 ga Oktoba. A lokaci guda Damagaram na fama da ƙishirwa duk rani, saboda garin yana zaune kan dutse, sai an jawo ruwa daga nesa. Madatsar Kandaji kuma, tun 2008 aka aza tubalinta, har yau muna jira. Ranar da aka gama ta, 'ya'yan wa za su riƙe ta?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda muke bari a baya. Shekaru kaɗan da suka wuce ina da wata ɗaliba da ta fi kowa lissafi a ajin. Ita ce ta taɓa tambayata me ya sa kogi ke yin ja da damina, amma cikar da ke zuwa lokacin sanyi ba ta da wannan jan. Na bayyana mata cewa na damina daga rafukan kusa yake, irin su Sirba, ɗauke da jar ƙasa, na sanyi kuwa ruwan tsaunukan Gini ne da ya yi watanni a hanya. Da ta ci BEPC na ba da shawarar ta bi sashen kimiyya. Mahaifinta ya zo har makaranta ya ce: “Malam, 'ya mace ba ta shiga daji da maza ana gina rijiya.” Na ce: “Alhaji, ai tun tana shekara bakwai take zuwa rijiya, ba wanda ya ce aikin maza ne.” Ya yi dariya, amma bai canza ba. Ni ma ban koma gidansu ba, kuma wannan sakacin nawa ne.

Ba 'yan mata kaɗai ba. Ɗan Bafulatani ko Buzu ya san kowace rijiya da tabki a hanyar kiwo. Ɗan Sorko ya san halin kogi. Ɗan magina rijiya yana duban ƙasa ya gaya maka zurfin da za a yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma waɗannan yaran su ne ke fara faɗuwa a hanya, domin lisen da ke da malamin lissafi da na kimiyya yana birni. Sakamakon haka sai a tura injiniyan da ba ya jin harshen ƙauyen, ya gina famfo inda mata ba sa so, bayan shekara biyu ya lalace babu mai gyara.

Za a ce mini babu aikin yi. Ban musa cewa samun aiki yana da wuya ba, amma a wane fanni ne yake da sauƙi? Wanda ya iya neman ruwan ƙasa, ko gyaran famfo mai aiki da hasken rana, ko gwada tsabtar ruwa, ko shirya noman rani, ba dole ya jira gwamnati ba. Za a ce kuma daji ba tsaro. Gaskiya ne a wasu yankuna. To amma akwai ɗakin gwaji, akwai tashoshin tace ruwa na Gudel da Yantala, akwai aikin taswira a kwamfuta.

Don haka ga abin da nake nema. Malamai, mu daina tura duk ɗalibin da ya ji tsoron lissafi zuwa sashen adabi don mu huta. Mu nemi izini mu kai su su ga inda ake tace ruwan da suke sha, tafiyar ba ta fi kuɗin taksi ba. Hukumomi su ware guraben tallafin karatu na fannin ruwa ga 'yan mata da 'ya'yan karkara, tare da wurin kwana mai mutunci, domin shi ne abin da iyaye ke fara tambaya. Iyaye kuma, kafin ku ce a'a, ku je ku ga makarantar da idonku.

A ajina na bana akwai wata yarinyar mai kaifin lissafi. Wannan karon ba zan jira mahaifinta ya zo ba, ranar Asabar ni zan je gidansu.